Garin maikoriza na leda zai dawo min da fangin gonar tuffa?

Tambaya: Ina da gonar tuffa da ceri, an gwada saiwoyin an ce a cikin fangin maikoriza, wato ƙwayoyin da ke zama a saiwa suna taimaka wa bishiya samun abinci daga ƙasa, kusan dangin Glomus kaɗai suka rage, hankalina ya tashi. Wani dila ya ce in sayi garin maikoriza in barbaɗa, komai zai dawo daidai. In saya?

Amsa: Kwantar da hankalinka, dangin Glomus su suka fi yawa a ƙasar da ake yawan taɓawa, don sun fi jure wahala. Irin su Gigaspora da Acaulospora su ke fara ɓacewa in ana yawan huɗa.

Amma maganar garin nan, wallahi na gaji da ita, kullum sai an kawo min. Yawancin ledojin nan iri ɗaya ne a ciki, Rhizophagus irregularis, shi kuma ɗan gidan Glomus ɗin ne, wato abinda kake da shi tuntuni za a sayar maka, to ina bambancin ya fito? Wasu ma har da Pisolithus suke haɗawa don sunaye su yi yawa a jikin leda, alhali wannan fangin na bishiyoyi irin su fain (pine) da ok (oak) ne, ba ya kama saiwar tuffa ko ceri sam. A wani bincike da aka buga a 2022 an gwada irin kayan nan 25, sama da kashi 80 cikin 100 ba su kama saiwa ba ko a ƙasar da aka kashe mata ƙwayoyinta, balle gonarka da fangi 'yan gida suka riga suka cika wuri. Abin takaici mutum ya barbaɗa garin yau, gobe ya zuba takin fosfarus buhu-buhu. Bishiya tana iya ba fangin nan har kashi 20 cikin 100 na abincin da ganyenta ya haɗa don su kawo mata fosfarus, in ta samu a ɓagas sai ta rage hulɗa da su. Dila ba zai faɗa maka wannan ba, amanar manomi ake ci.

Ka gwada fosfarus ɗin ƙasarka kafin ka ƙara taki. Ka rage huɗa, tana tsinka zaren fangin. Layin da maganin ciyawa ya bari fayau a gindin bishiyoyi ka tsuke shi, tsakanin layuka ka shuka ciyayi iri-iri da ciyawar kulofa (clover), banda mastad don ba ya ɗaukar maikoriza. In ka yi wa ƙasa turaren maganin kashe ƙwayoyinta kafin sabon dashe, nan ne kaɗai zan yarda a gwada garin, shi ma a ramin dashe ya taɓa saiwa.