Tambayoyinku kan Waya da Kwamfuta: Takardar da Ta Ƙi Buɗuwa

Duk lokacin da aka shiga haɗa dosiye, na kwankur ko na rajistar makaranta, sai saƙonni su cika mini waya kan abu ɗaya: an turo takarda ta ƙi buɗuwa, ko ta buɗu ta ƙi buguwa. Na tsamo shida daga cikin na wannan makon.

Daga wani matashi mai shago kusa da Kasuwar Dole: Malam, an turo mini takarda ta WhatsApp, na taɓa ta ƙi buɗuwa. Na shiga intanet na sauke manhajar PDF har huɗu. Yanzu ta buɗu, amma talla ta hana ni sakat, ko kira nake sai ta faɗo, batir ba ya kai azahar. Ɗaya ta nemi izinin karanta saƙonnina, na ba ta. Ina mafita?

Ɗan'uwa, kafin ka ci gaba da karatu, ɗauki wayar ka goge wadda ka ba izinin karanta saƙonni. Sauran bayanin zai jira ka.

Ka dawo? To. Takarda ɗaya, manhaja huɗu! Ko mai shayi ba ya hura murhu huɗu don kofi guda. Abin da ke ci mini rai shi ne ko ɗaya ba ka buƙata ba. Yawancin wayoyin Android da ke hannun mutane a garin nan da Google Drive a ciki suke zuwa, kuma Drive yana buɗe PDF, wato tsarin fayil ɗin da ake turo irin waɗannan takardu a cikinsa. Manhajar Files ta Google ma haka. iPhone da kanta take buɗewa. A kwamfuta kuwa Chrome da Edge da Firefox duk suna buɗewa, suna kuma bugawa. Galibi idan takarda ta ƙi buɗuwa, ba ta gama sauka ba ne saboda rezo ya yanke, ko kuma wayar ta cika da bidiyon biki babu inda za ta zauna. Da ka share wuri ka sake sauke ta, da tuni ka huta.

Bari in faɗa maka yadda aka yi waɗannan manhajoji suka yi yawa kamar ƙasa. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, sannan a 2008 aka mayar da tsarin ma'aunin duniya na hukumar ISO. Kowa na iya rubuta manhajar da za ta karanta shi. Alheri ne babba, shi ya sa ake samun masu kyau kyauta. Amma ta wannan ƙofar ce masu neman na banza suka shigo: mutum ya haɗa ƴar manhaja, ya sa mata jar alama mai kama da ta Adobe, ya cika cikinta da talla. Duk tallar da ta faɗo maka, wani ne ya samu kuɗi, da megarka da batirinka.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta kawo mini wayarta daga Sabon Gari, ta ce aljanu sun shige ta. Da na karɓa, bayanta zafi kamar duwatsun Birni da tsakar rana. Na leƙa jerin manhajoji, na ƙirga jajayen alamomi bakwai a jere, duk masu karanta PDF, ga wasu biyu masu "wanke waya" da suka biyo su. Ina ƙoƙarin goge ta farko, tallar caca ta rufe fuskar wayar, sai na jira daƙiƙun suka ƙare kafin ƴar alamar rufewa ta fito can a lungu. Takardar da ta jawo duk wannan, shafi ɗaya ce ta sakamakon ɗanta.

Maganar izini ita ce ta fi tayar mini da hankali. Mai karanta takarda, takardun kawai yake buƙatar gani. Me ya haɗa shi da saƙonninka, da lambobin mutanenka, da makirfon? Ta saƙo ake turo maka lambar shiga WhatsApp, ta saƙo ake turo lambar tabbatar da asusunka na kuɗi. Ka kira mai gyaran ƙofa, ya ce sai ka ba shi makullin akwatin ciniki, kai kuma ka miƙa. Don haka bayan gogewa, canza lambar sirrin asusun kuɗinka yau, ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Idan wata ta ƙi goguwa, ta naɗa kanta mai kula da waya ne. Shiga sashen tsaro a Paramètres ka tsige ta daga muƙamin, sannan ka goge. Daga nan ka buɗe Play Store ka sa Play Protect ya bincika sauran.

Sai abin da nake maimaitawa kullum har maƙogwaro ya bushe: takarda buɗe ta ake yi, ba a girka ta. Duk fayil ɗin da aka ce maka sakamakon jarrabawa ne ko takardar ɗaukar aiki, ka taɓa ya nuno maka Installer, wannan ba takarda ba ce. Dubi wutsiyar sunansa. Idan .apk ne a waya, ko .exe a kwamfuta, share shi, ko da limamin unguwarku ne ya turo, don shi ma turo masa aka yi. Haka nan wannan ɗabi'ar ta "tura mini manhajar ta Xender" a majalisa, ku bar ta. Ba ka san hannu nawa ta bi ba kafin ta iso ka. In dai sai ka saka wata, shiga Play Store, nemi Adobe Acrobat Reader, ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashi ya zama Adobe. Guda ɗaya tak.

Daga wani malamin makaranta a Miriya: Na rubuta darasi da Hausa a Word, na kai sibar a buga mini. Duk inda ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suke, sai wasu ƙananan akwatuna suka fito, shafukan ma sun goce.

Allah gafarta malam, kwamfutar sibar ɗin ba ta da salon harafin da ka yi rubutu da shi, sai ta ara wani wanda ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Kada ka ƙara kai Word wurin bugu. A kwamfutarka ka zaɓi Enregistrer sous, ka mayar da shi PDF, ka buɗe ka duba haruffan da idonka. PDF yana tafiya da haruffansa a cikinsa, yadda ka gan shi a gida haka zai fito a takarda. Idan babu Word na halal a kwamfutar, LibreOffice kyauta ne, kuma yana da maɓallin PDF a sama. Ni da shi nake aiki.

Daga wata ma'aikaciya a Matamaye: Fam ɗin da na sauke, in na buga sai gefe ko ƙasansa ya yanke.

Hajiya, girman takarda ne bai dace ba. Tamu A4 ce, milimita 210 da 297. Ta Amurka, Letter, 216 da 279 ce. Danna Ctrl da P, zaɓi A4, sa Ajuster à la page. Ki dubi hoton shafin da ke gefe kafin ki danna Imprimer, don shi aka sa shi a wurin.

Daga wata ɗaliba a Jami'ar André Salifou: Malam, na ɗauki hoton takardar haihuwata da ta shaidar zama ɗan ƙasa, na tura wa mai sibar ta WhatsApp. Bugun ya fito dishi-dishi, hatimin ba ya karantuwa. Na biya sau biyu.

Ƙanwata, na san irin hoton ba sai na gani ba: takardar a kan tabarma, inuwar hannunki ta rufe rabi, babban yatsan ƙafa ya leƙo a ƙasa. Sannan WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, a nan ƙananan rubutu da hatimi suke narkewa. Buɗe Google Drive, ki nemi alamar kyamara ta sikanin. Shimfiɗa takardar kan tebur kusa da taga, ba cikin rana tsaka ba, ki ɗauka. Zai gyara gefuna ya ba ki PDF, shafi nawa kike so a fayil ɗaya. A iPhone, manhajar Notes tana yin wannan aikin. Wajen turawa ki zaɓi Document, kada ki bi ta Galerie.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Takardar haihuwarki yanzu tana cikin wayar wani, wataƙila tana kuma cikin kwamfutar da mutum hamsin ke zama kanta a yini. Na sha zama a sibar in buɗe Téléchargements in tarar da katin ɗan ƙasa na mutanen da ban taɓa gani ba, da hotunansu, da sunayen iyayensu. Yawancin masu sibar mutanen kirki ne masu neman halal, aiki ne ke yi musu yawa ba sa sharewa. Ki tsaya a gabansa a goge, a kuma zubar da Corbeille. Idan kin haɗa WhatsApp ɗinki da kwamfutarsa, ki shiga Appareils connectés a wayarki ki cire shi kafin ki hau kabu-kabu.

Daga wani mai shagon fotokofi a Magarya: Firintata mai ruwan tawada ta yi wata biyu a ajiye, yanzu layi-layi take fitarwa.

Tawadar ta bushe a bakin kan, ga zafinmu ga ƙurar hunturu. Sa ta wanke kanta daga manhajarta sau biyu, ka buga shafin gwaji. Daga yau ka riƙa buga ko shafi ɗaya duk mako, ka lulluɓe ta da zane. Mai shago irinka, firintar Leza ya kamata ya tara kuɗi ya saya, garin tonar da take aiki da shi ba ya bushewa.

Daga wani dattijo a Zango: Ɗana ya bar mini tsohuwar kwamfuta mai Windows 7. Ina so in riƙa karanta littattafan addini da ake turo mini, in buga wasu shafuka. An ce in saka Adobe, sau uku ina farawa kuran na ɗaukewa ko mega ta ƙare.

Baba, Allah ya ƙara girma, ku bar Adobe ɗin nan, ya fi ƙarfin wannan kwamfutar. Ɗaruruwan mega ne, kuma ɗan fayil ɗin da kuke fara saukewa ɗan aike ne kawai, sai ya sake komawa intanet ya jawo sauran, shi ya sa yake tsinkewa a hanya. Ku sa jika ya nemo muku SumatraPDF daga shafinsa na asali. Kyauta ne, bai kai mega 20 ba, babu talla, kuma yana buɗe littafi mai shafi dubu ba tare da nishi ba. Idan kuka rufe kuka dawo, a shafin da kuka tsaya zai ajiye ku. Abin da ba ya yi shi ne cike fam, wannan kuwa ba shi kuke nema ba.

Wajen bugu ku kula da lambar shafi. Lambar da ke rubuce a ƙasan littafi sau da yawa ba ta yin daidai da wadda manhaja ke ƙirgawa, saboda ita har bango da gabatarwa take lissafawa. Ku bi wadda ke sama a manhajar. A akwatin Pages ku rubuta misali 45-52, in ba haka ba littafin gaba ɗaya zai fara fitowa.

Microsoft ya daina kula da tsaron Windows 7 tun Janairun 2020, Chrome ma ya daina sabuntuwa a kansa tun farkon 2023. Don haka karatu kawai za ku yi da ita, kada a shiga asusun kuɗi ko imel a kanta. Littattafan a sauke su a waya, a zuba mata ta igiyar caji. Kile ɗin USB da ya zaga sibar-sibar kuma kada ya kusance ta: idan kuka ga manyan fayilolinku sun koma masu ƴar kibiya a gindi, cuta ce ta shiga, kada ku danna ko ɗaya, ku zare shi ku aiko jikan da shi a duba.