Kacici-kacicin cike gurbi na jaridun Ingila: ta ina ake kama shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jin Turanci daidai gwargwado, kuma ina iya wasan cike gurbin haruffa na yau da kullum. Amma irin mai sarƙaƙiya da ake bugawa a The Times da The Guardian, sai in yi ta maimaita jimlar da aka bayar don gano kalmar da ake nema ban gane inda ta dosa ba. Ta ina ake farawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba Turancinka ne ya gaza ba. Da gangan aka gina jimlar don ta ɓatar da kai, kuma haka ake yi tun shekarun 1920 da salon ya kafu a Ingila. Labarin da take bayarwa a zahiri ba ruwansa da amsar, ka yi watsi da shi.

Galibi jimlar kashi biyu ce. Akwai ma'anar kalmar da ake nema, wadda take zuwa a farko ko a ƙarshe, da wuya ka gan ta a tsakiya. Ragowar kuma umarni ne na yadda za ka harhaɗa haruffan. Lambar da ke ƙarshe ita ce yawan haruffan amsar. Aikinka na farko shi ne gano inda kashin biyu suka rabu.

Ka fara da masu cakuɗa haruffa, don su suka fi saurin tona kansu. Da a Hausa ne, sai a ce: "Kare ya rikice, ga abin sha mai zaƙi (4)". Babu wani kare da ya haukace. "Ya rikice" umarni ne ka sake jera K, A, R, E, sai RAKE ya fito. A Turanci ga misali: "Listen wildly, making no sound (6)". Kalmar wildly ce umarnin, listen haruffa shida ce daidai da lambar, amsar SILENT. Kalmomi irin su broken, drunk da mixed duk wannan aikin suke yi. Ka ƙirga haruffan kalmar da ke kusa da su tukuna. In ba su zo daidai ba, kada ka tilasta.

Wani lokaci amsar tana kwance a gabanka. "City in bank anomaly (4)": ɗauki harafin ƙarshe na bank, ka haɗa da ukun farko na anomaly, ga KANO. Ƙaramar kalmar in ce ta nuna cewa an ɓoye ta a ciki. Akwai kuma juya kalma ta baya, kamar lager ta koma REGAL idan aka ce back ko returned. Amma up tana nufin juyi ne kawai a kalmomin da ke gangarowa ƙasa.

Inda sababbi suka fi cijewa shi ne taƙaitattun kalmomin da masu wasan suka saba da su: sailor na iya zama AB ko TAR, about ta zama RE ko C, five kuma V ta lambobin Romawa. Flower ma sau da yawa kogi ake nufi, wato abin da ke gudana, ba fure ba. Waɗannan sai haddacewa, babu wata dabara.

Kada ka rubuta amsa don kawai ta dace da ma'anar. Sai kowane harafinta ya samu hujja daga umarnin, domin kalma ɗaya ta kuskure tana lalata duk waɗanda suka ratsa ta. Idan wata ta gagare ka, duba amsarta a fitowa ta gaba, ka bi ta da baya har ka ga aikin da kowace kalmar jimlar ta yi.