Babbar hanyata ta cushe a Cities: Skylines, yaya zan gina mahaɗa da hannuna?

Tambaya: Ina buga wasan gina gari Cities: Skylines na farko a kwamfuta. Garina ya bunƙasa, amma mashigar babbar hanya kullum a cushe take, motoci sun jeru a layi ɗaya, sauran layuka biyun kuma fayau. Na faɗaɗa titi, na sa mahaɗar nan mai madaukai huɗu da ta zo da wasan, abin bai gyaru ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, faɗin titi ba shi ne ciwonka ba. Ciwon yana inda hanyoyi ke haɗuwa da inda suke rabuwa. Tun da kamfanin Colossal Order na ƙasar Finlan ya fitar da wasan a 2015, direbobin cikinsa hali ɗaya gare su: tun kafin mota ta tashi take zaɓar hanyar da ta fi sauri a lissafi, har da layin da za ta bi, ba ruwanta da cunkoson da ke gaba. In kowa mafita ɗaya yake nufa, ko layi shida ka shimfiɗa a ɗaya za su tsaya.

Saboda haka kafin ka rushe komai, dakatar da wasan, ka buɗe taswirar zirga-zirga, ka bi jan layin da ke nuna cunkoso har inda ya fara. Ka danna titin da na'urar nuna hanyoyin motoci, ka ga daga ina suke, ina za su. A wani gari da na gina, na daɗe ina zargin mazauna unguwanni, ashe tirelolin masana'antu ne ke ratsa tsakiyar gari don su kai ga mafita ɗaya tak da nake da ita. Da na buɗe musu tasu a bayan masana'antun, jan layin ya washe ban taɓa tsohuwar mahaɗar ba.

Mai madaukai huɗun nan tana da kyau a ido, amma aibinta a jikinta yake, a wasa da a zahiri. Motar da ke shigowa daga madauki ɗaya da wadda ke shirin fita ta na gaba dole su gitta wa juna a ɗan gajeren wuri. A ƙaramin gari ba komai. Da motoci sun yawaita, nan ne ake cijewa. Ƙa'idata ita ce mafita ta riga mashiga: masu fita su bar hanya tukuna, sannan masu shiga su hau.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lissafin layuka. Babbar hanyar wasan layi uku ce, reshen hawa da sauka layi ɗaya. In reshe ya fita daga uku, biyu ya kamata su ci gaba. In wani ya shigo, su koma uku. Da haka kowace mota tana da layinta, babu mai jiran wani. In kuwa ka cusa reshe cikin uku kuma suka ci gaba a uku, layi huɗu ke nan ke neman shiga ƙofar uku. Babbar hanya mai layi biyu da mai huɗu suna cikin Mass Transit, ƙarin wasan da ake saya daban wanda ya fito a 2017, kuma saboda su kaɗai ma ya cancanci kuɗinsa. Tunda a kwamfuta kake, ka ɗauko TM:PE, ƙarin da ke sarrafa zirga-zirga, daga Steam Workshop, inda 'yan wasa ke ɗora ƙare-ƙaren da suka haɗa, ka ɗaure kowane layi da wanda zai faɗa. Wani ƙarin kuma, Move It, zai ba ka damar jan gaɓar titi ka daidaita lanƙwasa ba sai ka rushe ba.

Wajen ginin kansa, fara da manyan hanyoyin biyu, ka bar tazara tsakanin mai zuwa da mai dawowa don ginshiƙan gada su sami wurin zama. Page Up ke ɗaga titi, kuma kana iya sa takun ya zama mita 3, 6 ko 12. Ni mita 9 nake sa gadar sama, don rassan su sauka a hankali. Kowane murabba'in wasan mita 8 ne, ka riƙa ƙirgawa da shi don ɓangarorin biyu su yi daidai. Wata dabara da nake so: ka shimfiɗa ƙananan titunan ƙasa a matsayin ma'auni, ka ja lanƙwasarka a kansu, in ka gama ka goge su. Reshe ya rabu da hanya a kaikaice, kamar reshen bishiya, kada ya yanke ta a miƙe, don kwana mai kaifi tana sa motoci taka birki. In kibiyar reshe ta juya baya, danna dama da na'urar sauya titi zai gyara ta.

Ga mashigar gari irin taka, inda hanya ɗaya ke ɓallewa daga babba, mahaɗa mai siffar kakaki ta wadatar: gada ɗaya, madauki ɗaya, rassa uku. Sai dai ka kula da inda ta sauke motoci. Kada reshe ya ƙare a bakin danja ko a mararrabar da ke da shaguna. Ka ba shi dogon titi marar gine-gine, sannan shataletale mai faɗi, daga nan motoci su watsu cikin unguwanni.

In ka gina wadda ta yi maka, sake gina ta a editan kayan wasan ka ajiye, za ka same ta cikin jerin mahaɗu a kowane sabon gari. Bayan kowane gyara kuma ka saki wasan ya yi tafiya na ɗan lokaci kafin ka yanke hukunci, domin motocin da ke kan titi da tsohon lissafinsu suke tafiya, sai sababbi sun fito za ka ga gaskiyar aikinka.