Me Ake Ji a Tsofaffin Faya-fayan Blues na Karkarar Amurka?

Tambaya: Na ci karo da waƙoƙin wani Charley Patton a intanet, an ce yana cikin iyayen kiɗan blues na karkara. Abin da na ji kawai shuuu ne kamar ana suyar ƙosai, sai wata murya daga can cikin rijiya. Amma mutane sai yabo suke yi. Me ya ɓata sautin, kuma me ake ji a ciki har yau? Da wa ya kamata in fara?

Amsa: Malam, kunnenka lafiya lau. Ka shiga gidan ne ta ƙofar da ta fi ƙunci. Faya-fayan Patton suna cikin waɗanda suka fi muni wajen sauti a duk wannan fanni, kuma laifin kamfanin da ya buga su ne.

Paramount ne ya ɗauki yawancin waƙoƙinsa, tun daga 14 ga Yuni 1929 a Richmond ta jihar Indiyana. Asalin masu Paramount 'yan kasuwar kujeru ne a jihar Wiskonsin. Sun fara ƙera akwatunan garmaho, sai suka shiga buga faifai don masu saye su sami abin ɗorawa. A wancan zamani ana yin faifai ne da shalak, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da maƙwabtanta, a gauraya shi da garin dutse. Paramount sun yi ƙaurin suna wajen haɗi mai araha, don haka faifansu ko sabo ne fil yana da tsaki. Masu saye kuma leburorin gonar auduga ne da ma'aikatan birni, garmahonsu irin wanda ake wanawa da hannu ne, kansa nauyi gare shi, allurarsa ta ƙarfe. Ƙa'ida ita ce a canja allura bayan kowace waƙa, amma talaka ba ya yin haka. Allura ta dakushe, sai ta riƙa kankare layin faifan. Da kamfanin ya daina ɗauka a 1932, yawancin faya-fayan ƙarfe na asali da ake buga sauran da su suka salwanta. Abin da kake ji yau an kwafo shi ne daga faifan da aka tsinta a gidajen mutane bayan ya sha jiki. Wata waƙar ma kwafi ɗaya ko biyu suka rage a duniya. Shi ya sa a 2013 aka sayar da wani faifan mawaƙin blues Tommy Johnson na Paramount kan dala 37,100.

Ga gwaji mai sauƙi. Blind Lemon Jefferson, makahon mawaƙin Teksas, ya yi "Matchbox Blues" wa kamfanin OKeh a Atlanta a watan Maris 1927, ya kuma sake yin ta wa Paramount a shekarar. Nemo su ka jera. Mutum ɗaya ne, waƙa ɗaya, amma a ta OKeh za ka ji kowace tsirkiya daban.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Idan an ce kiɗan ba na lantarki ba ne, jitar ake nufi: ta katako ce, ba a jona ta da komai. Ɗaukar kanta kuwa iri biyu ce. Kafin 1925 mawaƙi yana fuskantar wani babban ƙaho ne, ƙarfin muryarsa kaɗai ke girgiza allurar da ke zana layi a kan kaki. Ƙaho ba ya kama kauri ko siririn sauti sosai, jita kuma ba ta da ƙarfin cika shi. Da haka aka ɗauki makaɗin jita Sylvester Weaver a 1923. Daga 1925 makirufo ya shigo, kuma mafi yawan abin da ake yabo a yau da makirufo aka ɗauka. Amma har lokacin kai tsaye ake yanka waƙar a faifai, ba a gyara, ba a ɗinke wani yanki da wani. Faifan inci goma mai juyi 78 a minti yana cin kimanin minti uku a kowace fuska. In mawaƙi ya yi kuskure, ko a jefar da kakin a sake, ko a bar shi a haka.

Nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Mutumin da ya saba kwana yana kaɗa wa 'yan rawa a daren Asabar, an ce masa ya dunƙule komai cikin minti uku, shi kaɗai, ba mai ganga, ba 'yan amshi. Dole jitar ta yi aikin mutum uku. Babban yatsa yana dukan tsirkiyoyi masu kauri, shi ne gangar. Sauran yatsu suna tsinkar sirara, su ne amshin. Saurari yadda baiti yake tafiya: ya rera layi, jita ta amsa, ya maimaita layin, jita ta sake amsawa, sannan ya kawo layi na uku da ke warware zancen. A takarda ana cewa baitin blues gaɓa 12 ne, kowace bugu huɗu. Waɗannan mutane ba su san da wannan doka ba, ko sun sani ba su damu ba. Jefferson yakan ja layi har sai numfashinsa ya ƙare, jita ta jira shi, baiti ya kai 13 ko ya tsaya a 11. Mai kaɗa kiɗan zamani zai ce kuskure ne. A ganinmu wannan shi ne ruhin abin, don kiɗan ne ke bin mutum.

Da yawansu kuma ba sa ɗaure jita yadda makaranta ta koyar. Akwai ɗaurin G buɗaɗɗe, sautin tsirkiyoyin shida daga mai kauri zuwa siririya D-G-D-G-B-D, akwai na D buɗaɗɗe, D-A-D-F#-A-D. Da irin wannan ɗauri, ko ba ka danna komai ba tsirkiyoyin sun dace da juna, sai a sa wuyan kwalba a yatsa ko a riƙe wuƙa a riƙa zamewa a kansu. Sautin da ke fita yana ratsa tsakanin muryoyin da fiyano ke iya bugawa, kamar kukan mutum. Wanda ya tashi yana jin goge da kukuma ba zai ji baƙunta a nan ba. Gerhard Kubik, masanin kiɗa ɗan Ostiriya, ya danganta wasu siffofin blues, irin su jan murya da kiɗan mutum ɗaya da tsirkiya, da yankinmu na savana. Hasashe ne mai ƙarfi, amma kada a wuce gona da iri: blues a kudancin Amurka aka haife shi, bayan 'yanta bayi, cikin noman kashi-mu-raba da dokokin wariya.

Kalmomin ma labari ne. "High Water Everywhere" ta Patton kan ambaliyar kogin Misisipi ta 1927 take, yana kiran garuruwa da sunansu, Sumner, Greenville, Rosedale, yana neman tudun da zai hau. Ko Ba'amurke yakan sha wuya kafin ya gane lafazinsa, saboda haka buɗe rubutattun baitocin a gabanka ba abin kunya ba ne.

Ka ajiye Patton tukuna. Fara da Mississippi John Hurt, ɗaukar OKeh ta 1928: murya a sanyaye, yatsu tsaf, sauti mai kyau. A "Avalon Blues" ya ambaci garinsu, kuma da wannan layin aka bi sawunsa aka same shi da rai a 1963. Daga nan sai "Dark Was the Night, Cold Was the Ground" ta Blind Willie Johnson, Disamba 1927 a Dallas. Kusan babu kalma a ciki, nishi ne da zamiyar tsirkiya, kuma tana cikin waƙoƙin da aka saka a faifan zinariya da kumbon Voyager ya tafi da shi sararin samaniya a 1977. Sai Robert Johnson, waƙoƙi 29 da ya bari daga zama biyu, San Antonio a 1936 da Dallas a 1937. Bayan mako biyu kunnenka zai koyi tsallake tsakin, sannan ka koma wa Patton, Son House na 1930 da Skip James na 1931.

Wajen zaɓen kwafi, guji waɗanda aka share tsakin tas da kwamfuta. Na'urar ba ta bambance tsaki da siririn sautin tsirkiya, sai ta kwashe duka, murya ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Kwafi mai ɗan shuuu ya fi. Sa abin kunne, kada ka dogara da lasifikar waya, don ba ta fitar da dukan babban yatsa. In kuwa faifan shalak na gaske ya shigo hannunka, kada ka ɗora masa allurar faifan LP, wato faifan roba da ya zo daga baya: bakinta ya fi na allurar 78 siranta kusan sau huɗu, tana faɗawa gindin layi ta kwaso datti. Kada ka goge shi da sifirit, yana narkar da shalak. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu ya isa, a bar shi ya bushe sarai, a ajiye shi a tsaye cikin inuwa.