Tambaya da Amsa: Yadda Ake Haska Tsofaffin Fina-finan Tarihi a Gidan Silima

Tambaya: Ƙungiyarmu ta samu izinin amfani da wani tsohon gidan silima da aka gyara, mai cin mutum 200. Muna so mu riƙa haska fina-finan tarihi duk Asabar na tsawon wata biyu. Da wanne za mu fara, kuma ina ake samun na ƙwarai? Daga wani malamin makaranta, Wunti, Bauchi.

Amsa: Malam, ku da ke Bauchi ba sai kun yi dogon nema ba. Ku buɗe da Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da Hausa aka yi shi, labarin cinikin bayi ne da ƙetare Sahara a ƙarshen ƙarni na 19, ga kabarin marubucin nan cikin garinku. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓata, sai aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Don haka ku rubuta wa Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, ku nemi gyararren kwafi da izini a rubuce. Bayansa kuna iya kawo fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran Libiya da Italiyawa suka rataye a 1931, da kuma Mughal-e-Azam na Indiya na 1960.

Faifan da aka saya a kasuwa na kallon gida ne. Haska shi ga jama'a, ko da kyauta ne, yana buƙatar yardar mai haƙƙin mallaka, kuma tsufan fim ba ya nuna cewa ba shi da mai shi. Shi ma ginin sai da lasisin Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa. Wanda aka sauke daga intanet kuwa, a waya yana da kyau, amma da zarar ya hau allo mai faɗin mita 5 sai fuskoki su dagargaje.

Ku lura da agogo. Shaihu Umar ya kai minti 142, sauran biyun kuma kowanne wajen awa 3 ne. In kun fara bayan La'asar, Magariba za ta riske ku, saboda haka ku kalli fim ɗin tun kafin ranar, ku ware inda za a tsaya a yi salla a ƙarshen wata fitowa, kada a yanke a tsakiyar zance. Ku kuma nemo malamin tarihi ya yi bayanin minti 10 kafin a kashe fitila. Wannan ba ado ba ne: labarin Anarkali da aka gina Mughal-e-Azam a kansa, masana tarihi ba su tabbatar da shi ba, kuma yaron da ba a gaya masa ba zai fita yana ɗaukarsa gaskiya.

Tambaya: Mun gwada majiginmu, sai mutanen cikin fim suka fito gajeru masu ƙiba, hoton kuma ya yi fari-fari. Majigin ne ya lalace? Daga wani mai gyaran lantarki, Yelwa.

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, ɗan'uwa, saitin ne. Yawancin fina-finan da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1950, da wasu na bayansu, hotonsu kusan 4:3 ne (wato faɗi 4, tsayi 3), majigin yanzu kuma 16:9 yake fitarwa. In an bar shi a kan cika allo, sai ya ja hoton gefe da gefe. Ka mayar da shi kan ainihin girman fim ɗin, baƙin da zai rage a dama da hagu ka rufe shi da baƙin labule. Kada ka zuƙo hoton don ya cika, kawunan mutane da rubutun fassara za ka yanke.

Farin da ka gani haske ne ke shigowa, ko majigin ya yi rauni. Allo mai faɗin mita 5 da tsayin mita 2.8 yana son majigi mai ƙarfin haske na lumen 5,000, a ɗaki mai duhu sosai. Tagogi da ƙasan ƙofa duk a toshe su, domin fim mai baƙi da fari shi ya fi shan wahala da ɗan hasken da ya ɓuya ya shigo. Nisan majigi kuwa, duba lambar jifa a takardarsa, wato lambar da ke nuna nisan da zai tsaya daga allo: in 1.5 ce, ka ninka da faɗin allo, mita 7.5 ke nan. Layin farko ya ja baya kamar mita 5, na ƙarshe kada ya wuce mita 17. In daɓen ɗakin shimfiɗe yake, ka ɗaga ƙasan allo mita 1.2 ko fiye.

Abu biyu ke kashe majigi a nan: ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta. Ƙura tana toshe matatar iska, ya yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar kallo, don haka a goge ta duk mako. In wuta ta ɗauke kwatsam, fankar ciki ba ta samu ta huce da ƙwan ba, sai ya mutu da wuri. Ka sa masa UPS nasa shi kaɗai, ka tayar da janareta tun farkon shiri, ka kuma ajiye shi nesa da bangon allo saboda ƙara.

Tambaya: Sifikunmu manya ne, amma ba a jin magana sai amsa-kuwwa. Daga wata 'yar kwamiti, Fadamar Mada.

Amsa: Hajiya, ƙara murya ƙara matsala ne. Bangon siminti ke dawo da sautin. A rataya labule masu kauri a bangon baya da gefuna, a shimfiɗa kafet a hanyoyi. Tsofaffin fina-finai galibi sautinsu hanya ɗaya ce, don haka sifikar magana ta zauna a tsakiya kusa da allo, a rage dukan ganga, a ɗaga tsakiyar sauti.

Tambaya: Da ake share ɗakin majigi mun tsinci gwangwanaye cike da naɗaɗɗen fim, wasu na warin tsami. Za su hasku? Daga wani mai kula da ginin, Bauchi.

Amsa: Baba, kada a warware su, kada a sa su a inji. Warin tsamin alamar fim ɗin ya fara ruɓewa ne, kuma yana harbin na kusa da shi, sai a ware masu warin daban. Na kafin farkon shekarun 1950 kuma suna iya zama irin mai kama wuta, wanda ruwa ba ya kashe shi, don haka ba sigari ba ashana a wurin. A ajiye gwangwanayen a kwance a ɗaki mai sanyi da bushewa, a kwafe rubutun da ke jikin kowanne, a ɗauki hotonsa, a aika wa ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos.