BCAA ko EAA: wanne ya dace da mai ɗaga ƙarfe?

Ɗan'uwa, ka ce wata uku ke nan kana ɗaga ƙarfe, kana tambaya ko BCAA za ka saya ko EAA, wato garin amino iri biyu da ake sha don gina tsoka. In dole sai ɗaya, ɗauki EAA.

Sinadaran amino su ne tubalan furotin, guda 9 daga ciki ne jiki ba ya iya haɗawa da kansa, sai dai daga abinci, kuma sai sun cika tsoka take ginuwa. EAA duka taran ne. BCAA kuwa uku kacal: lusin, aisolusin da balin. Lusin ne ke tayar da aikin, amma ko magini ya yi sammako, in babu bulo zama zai yi.

Da za ka ji tawa, fara duba kwanonka. Mai kilo 70 yana buƙatar kamar giram 110 na furotin a rana, wato giram 1.6 kan kowane kilo. Ƙwai ɗaya na ba da kusan giram 6. Haɗa da kifi, nama, awara, wake da kindirmo. In kana kai wannan adadi, garin amino ba zai ƙara maka abin kirki ba. Wallahi yana damuna in ga saurayi ya zuba kuɗinsa a roba ɗaya alhali karin kumallonsa shayi ne da burodi.

In abincin ya gaza, nemi garin furotin na madara, wanda ake rubuta whey a jikinsa. Taran duk suna ciki.

Kafin ka biya, duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa, da giram nawa ne kowane sinadari. In kana da ciwon ƙoda, ga likita tukuna.