Tambaya da Amsa: Wanke Teddin Yara da Shanya Shi a Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku a Kano. Autana ɗan shekara biyu da rabi yana da wani teddi, wato 'yar tsana mai gashi, wanda ba ya barci sai da shi a hannu; yana jan sa a tsakar gida, yana tsotsar kunnensa, har ya yi dauɗa ya soma wari. Maƙwabciyata ta ce idan na sa masa ruwa audugar cikinsa za ta dunƙule, wata kuma ta ce in jiƙa shi da bilic don ƙwayoyin cuta su mutu. Ga shi yaron yana yawan atishawa da dare. Wace hanya zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Teddin yana wankuwa, kuma ya kamata a wanke shi, sai dai wahalar aikin tana wajen shanya, domin abin da aka cusa da auduga ko soso yana iya bushewa a waje alhali cikinsa jagab yake da ruwa.

Kafin ruwa ya taɓa shi, ki ɗauke shi ki duba da kyau. Yawancinsu suna da ɗan ƙyalle a jikin ɗinkin gefe mai ɗauke da alamomin wanki: hoton baho mai lamba 30 ko 40 yana nuna iyakar zafin ruwan da zai iya ɗauka, baho da hannu a ciki yana nufin wankin hannu kaɗai, wanda aka ja wa giciye kuwa ba a tsoma shi a ruwa sam. Sannan ki mammatsa cikinsa. Idan kin ji wani abu mai tauri kamar ƙaramin akwati, ko yana kiɗa ko magana idan an danna shi, to akwai batir a ciki, kuma dole ne a cire akwatin kafin wanki. Idan bai ciruwa, sai a goge jikin teddin da tsumma mai ɗan danshi da kumfar sabulu kawai. Ina roƙonki ki kula da ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli, domin idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, kuma wannan lamari ne na garzayawa asibiti nan take. Ki ja idanun teddin da hancinsa ki ga ko sun yi sako-sako, ki ɗinke duk inda ya farke da allura da zare, saboda wanki yana ƙara buɗe ɓaraka.

Wankin hannu shi ne mafi aminci. Ki zuba ruwa mai ɗumi a roba, ki narkar da ɗan sabulu marar ƙarfi, irin wanda kike wanke kayan jarirai da shi, sai ki fara gwada wani ɓoyayyen gefe da farin ƙyalle don ki ga ko launinsa yana zuba. Idan bai zuba ba, ki nutsar da shi, ki riƙa matsawa kina saki a hankali har ruwan sabulun ya ratsa cikinsa, ki bar shi ya jiƙa kamar minti goma sha biyar. Kunnen da yaron ke tsotsa da tafin ƙafafun da ke jan ƙasa, ki bi su da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Kada ki cika omo, domin cushen ciki yana riƙe kumfa, kuma duk abin da ya rage a ciki bakin yaron zai koma. Ki yi ta ɗauraya kina sauya ruwa har sai kin matsa kin ga ruwa garau yana fita babu santsi. Idan kina da injin wanki kuma ƙyallen ya yarda, ki sa teddin a cikin rigar filo ki ƙulle bakinta, ki zaɓi wanki mai sauƙi. Da kin gama ki zubar da ruwan robar, kada ki bar shi a tsakar gida, domin ɗan ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro mai wannan shekarun idan ya faɗa da ka.

Game da bilic, ban ba ki shawarar sa ba. Yana cinye launi, yana raunana zare, yana da wuyar ɗaurayewa daga cikin cushe, kuma haɗa shi da wasu magungunan tsaftace gida yana fitar da iska mai guba. Sabulu da ruwa da kyakkyawar bushewa sun wadatar ga dauɗar yau da kullum.

Yanzu sai shanya. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya cewa audugar tana dunƙulewa, amma murɗawa ce ke jawo haka. Ki shimfiɗa busasshen tawul, ki naɗe teddin a ciki, ki danna da ƙarfi har tawul ɗin ya tsotse ruwan, ki sake da wani tawul idan da hali. Daga nan ki gyara masa siffa da yatsunki, ki warware cushen inda ya taru. Kada ki rataye shi da kunne ko hannu a igiya, saboda nauyin ruwa zai ja ɗinkin kuma ya tara cushen a ƙasa. Ki kife kwando mai huji-huji ki kwantar da shi a kai yadda iska za ta shiga ta sama da ƙasa, ki riƙa juya shi lokaci zuwa lokaci. Shi ya sa ya fi kyau a yi wankin da sassafe, ranar da gari ya waye tas. Ranar hantsi tana da kyau, amma ta tsakiyar bazara tana koɗar da launi, don haka idan ta take ki mayar da shi inuwa mai iska. A hunturu kaya suna saurin bushewa, sai dai ƙura tana manne wa gashi mai danshi, sai ki lulluɓe shi da mayafi mai shara-shara. Damina ce mai haɗari: abu mai danshi yana iya fara fumfuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu, saboda haka ki sa shi gaban fanka, ko ki ɗaga wankin zuwa ranar da babu hadari. Kada ki kusantar da shi ga murhu, risho ko gawayi, kuma kada ki sa masa dutsen guga, domin gashin da cushen yawanci na roba ne, suna narkewa kuma suna kama wuta.

Kafin ki mayar wa yaron, ki ɗora busasshen farin hankici a kan cikin teddin, inda ya fi kauri, ki danna sosai. Idan hankicin ya yi sanyi ko danshi, ko teddin ya fi nauyin da kika san shi da shi, ko kin ji warin rima, bai bushe ba. Idan babba ne ƙwarai, ya fi sauƙi ki farke ɗinkin baya, ki fitar da cushen, ki wanke fatar ita kaɗai, sannan ki cusa sabo daga wurin masu ɗinkin filo.

Atishawar dare tana iya zama daga ƙurar da gashin ya tara, ko daga wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani waɗanda ke zama a katifa da filo da irin waɗannan kayan wasa, suna cin ɓurɓushin fatar mutum, suna kuma yaɗuwa a lokacin danshi. Ruwa mai zafin digiri 60 yana kashe su, kuma za ki samu kusan wannan zafin idan kin haɗa tafasasshen ruwa da na randa daidai wa daida, amma ba kowane teddi ne ke jure shi ba, musamman mai idanun da aka liƙa da gam. Wanda ba zai jure ba, a ƙulle shi a leda a sa a firiza na aƙalla awa 24, muddin ba a ɗauke wuta ba, sannan a wanke shi, domin sanyin yana kashe ƙwarin ne kawai, wanki ke fitar da ƙazantarsu wadda ita ce ke tayar da atishawar. Idan yaron yana tari da dare ko numfashinsa yana fito, ki kai shi likita ya duba ko asma ce.

TAMBAYA: Na sayo wa jaririyata 'yar wata biyar 'yan tsana masu laushi a wurin 'yan gwanjo. Zan iya ba ta su haka? Kuma ya halatta in adana sauran a akwati da kafur? Daga wani uba a Maraɗi.

AMSA: Malam, kada ka ba ta sai an wanke. Kayan gwanjo sun daɗe a dila, kuma ba ka san gidan da suka fito ba. Ka buɗa gashin ka bi layin ɗinki da ido. Idan ka ga ɗige-ɗige baƙaƙe ko ƙwai farare, alamar kuɗin cizo ce, kuma gara ka rabu da wannan. Sauran ka ƙulle su a leda kwana uku zuwa mako guda, domin ƙwaron ƙazuwa ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ya rabu da jikin mutum, sannan a wanke su kamar yadda na bayyana a sama. Wanda fumfuna ta riga ta shiga cikinsa ba ya gyaruwa ga jariri.

Kafur kuwa ka nisanta shi da duk abin da jaririya za ta taɓa. Akwai yara da yawa a ƙasashenmu da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, kuma kafur yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya jawo ciwon shawara mai tsanani. Ka adana su a busasshen wuri cikin jakar yadi mai tsabta. Sannan har ta cika shekara ɗaya, kada a bar 'yar tsana ko filo a shimfiɗarta lokacin barci, saboda suna iya toshe mata hanci. A ba ta su tana farke, babba yana kusa.